Tambayoyinku: Idan Wani Ya Ce "In Ji Ubangiji", Wa Zai Auna?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan wata duk a kan abu ɗaya suke: annabci a cikin ikkilisiya, da hurumin fasto da dattawa a kansa. Mun sani ikkilisiyoyi ba bakinsu ɗaya ba a nan. Akwai masu koyar da cewa baiwar ta tsaya tun zamanin manzanni, suna kafa hujja da Afisawa 2:20 da 1 Korantiyawa 13:8-10, akwai kuma masu cewa tana nan har Almasihu ya dawo. Ba wannan gardama muka zo rabawa ba. Ko a majami'ar da ba a taɓa ba annabci fili cikin sujada ba, fasto bai rasa mai yi masa sallama da sassafe da mafarki a baki, kuma dole ya san abin da zai yi da shi. Mun gajarta wasiƙun, mun cire sunaye.

Tambaya: Ina cikin zumuntar matasa. Lokacin addu'a nakan ji magana ta sauko mini a zuciya, wani lokaci kamar hoto nake gani, kuma sau biyu abin da na gani ya faru. Fastonmu ya ce kada in ƙara tashi in yi magana a sujada sai na fara gaya masa. Wannan ba danne Ruhu ba ne? (Wata 'yar'uwa daga Kafanchan)

Amsa: 'Yar'uwa, ayar da ke ranki ita ce 1 Tasalonikawa 5:19, amma ki ƙarasa karatun zuwa aya ta 22. Da numfashi ɗaya Bulus ya ce kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, a gwada kome, a riƙe abin da ke mai kyau. Fastonki bai ce ki daina ba, cewa ya yi ki biyo ta wurinsa. Da a ce ya ƙi ko sauraronki, da mun ce shi ne ke bukatar gyara.

A 1 Korantiyawa 14:29 an ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. Awon nan rarrabewa ne, irin na mai sheƙar hatsi: tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe, kuma daga dami ɗaya suka fito. Aya ta 30 ta ce in an yi wa na zaune wahayi, mai magana ya yi shiru, aya ta 32 kuma ta ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin ikon annabawan. Saboda haka "na kasa riƙewa" ba hujja ba ce. A wajen bori ne ake cewa iska ta hau mutum har bai san abin da ya faɗa ba. Ruhu Mai Tsarki yana barin mutum da hankalinsa, da ikon jira har Laraba.

Abin da za ki fara koya shi ne raba abu uku da kan zo a cuɗe: abin da kika gani, fassarar da kika yi masa, da abin da kike ganin ya kamata a yi. A ce kin ga wata mata a ikkilisiya riƙe da fasasshen tulu. Wannan shi ne abin da kika gani. "Aurenta zai mutu" fassararki ce. "Ta kwashe kayanta ta koma gida" shawararki ce. Yawancin ɓarna a na biyu da na uku take faruwa. Dubi Ayyukan Manzanni 21. A Taya almajirai suka ce wa Bulus kada ya je Urushalima. A Kaisariya Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus, ya ce haka za a yi wa mai ita. Abin da aka nuna gaskiya ne, wahala tana jiransa. Amma "kada ka tafi" daga ƙaunar 'yan'uwa ya fito. Bulus ya tafi, su kuma suka ce nufin Ubangiji ya tabbata.

Ki sami littafi na musamman. Duk abin da ya zo miki, ki rubuta kwanan wata da kalmomin yadda suka zo, ba ƙari ba ado. A ƙasa ki rubuta abin da kika riga kika sani game da mutumin, domin sau da yawa abin da kunne ya ji a bakin rijiya shi ke dawowa da dare kamar wahayi. Ki bari ya kwana. Sa'an nan ki kai wa fasto, matarsa ko wata dattijuwa tana zaune. In an ba ki izinin faɗa, ki ce "ina ji kamar Ubangiji yana nuna mini kaza, ku auna", kada ki ce "in ji Ubangiji". Wanda aka ce masa "in ji Ubangiji" an rufe masa baki, don in ya yi tambaya sai ya ji kamar da Allah yake musu. Ki fara a ƙaramin taron addu'a inda akwai shugaba, wata uku zuwa shida, kafin a yi zancen sujadar Lahadi.

Game da sau biyun da abin ya faru: ki riƙa rubuta waɗanda ba su faru ba ma. Zuciya takan riƙe biyun da suka yi daidai ta mance da goman da suka wuce shiru.

Tambaya: Wata bakwai ke nan da aka turo ni wata ikkilisiya a ƙauye. Na tarar da mutum uku da kan tashi tsakiyar sujada su yi annabci, wani lokaci har cikin wa'azi. Dattawa sun rabu: wasu na cewa in hana, wasu na tsoron taɓa shafaffu. Ta ina zan fara? (Fasto daga yankin Biliri)

Amsa: Fasto, kada ka fara da sanarwa daga mumbari. Dokar da ta faɗo ranar Lahadi ba shiri, mutanen nan uku za su ɗauke ta tozarci, kuma kowannensu yana da dangi a kan benci. Ka fara da dattawa. Ku zauna sau biyu ko uku, ku karanta 1 Korantiyawa 12 zuwa 14 tare, har ku yarda a kan tsari da bai wuce shafi ɗaya ba. Ka duba kundin ɗarikarku, ka kuma sanar da shugaban gunduma, don kada ka gina abin da za a zo a rushe maka. Masu tsoron shafaffu kuwa, ka buɗe musu Zabura 105:12-15. Maganar kakannin Isra'ila ake yi lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan, Allah yana hana sarakuna cutar da su. Ba a ce kada a auna maganar kowa ba.

Bayan nan ka bi mutanen uku gida gida, kai da dattijo ɗaya. Ka saurare su tukuna: yaushe abin ya fara, yaya yake zuwa, wa ya taɓa bi da su. Ka gaya musu tsarin kafin jama'a su ji. Sa'an nan ka koyar Lahadi huɗu a jere: baye-baye da jiki ɗaya, ƙauna, tsarin sujada, gwajin annabci. A Lahadi ta biyar tsarin ya fara aiki.

Ga yadda muke ba da shawarar a shirya shi. Mutum biyu ko uku masu auna su zauna gefe ɗaya a gaba: dattijo, da mace mai hankali daga zumuntar mata, kuma kada a sa ɗan'uwan jinin masu annabcin. Mai magana ya je wurinsu a hankali lokacin waƙoƙi, ya faɗi abin a jimla biyu ko uku. Wanda ya kasa taƙaita shi bai gama fahimtarsa ba tukuna. Amsar masu auna ɗaya ce cikin huɗu: a faɗa yanzu, a bari sai dattawa sun zauna, a kai wa mai shi a keɓe, ko kuwa a ajiye. A ware wuri ɗaya cikin sujada, bayan waƙoƙi kafin wa'azi, kamar minti goma. Mutum biyu, in ya yi yawa uku. Kowa minti biyu. Adadin mutanen daga Nassi yake, mintocin kuwa namu ne, kana iya ƙarawa ko ragewa.

Ƙananan abubuwa biyu da ake rainawa, su ne ke riƙe tsarin. Na ɗaya, makirufo ya zauna a hannun dattijo, shi zai miƙa wa bakin mai magana, shi zai janye in an kauce daga abin da aka gaya wa masu auna. Na biyu, a tsayar da ganga da molo da duk wani kiɗa. Kiɗa a ƙarƙashin magana yana sa maras nauyi ta yi kamar mai nauyi, jama'a su amsa "Amin" kafin su ji abin da aka ce.

Da mai magana ya zauna, aikinka ya fara. Ka bar shiru kaɗan, sa'an nan ka ce wani abu. In maganar ta yi daidai, ka faɗi abin da ka karɓa a cikinta, ka karanta ayar da ta goyi bayanta, ka bi da addu'a a kai. In rabi ne mai kyau, ka ɗauki rabin ka ce sauran dattawa za su duba. In ta saɓa wa Nassi, ka gyara nan take da taushin murya, don a gaban jama'a aka faɗe ta. Kuskuren da fastoci suka fi yi shi ne su wuce kai tsaye zuwa sanarwa. Jama'a sai su tafi gida ba su sani ba ko an karɓa ko an ƙi, kowa ya yanke nasa hukunci a ƙarƙashin bishiya.

Akwai abubuwan da ba a faɗa a taro ko da masu auna sun ji nauyinsu: wa zai auri wa, wa zai mutu, wa za ta yi ciki, zunubin wani da suna ko da nuni, wanda za a zaɓa a siyasa, da maganar hari. Wannan na ƙarshe mu a arewa mun san nauyinsa. Kalma ɗaya ta "za su zo daren nan" tana iya watsa ƙauye, ko ta sa matasa su ɗauki makami a kan maƙwabtan da ba su yi kome ba. Irin wannan a kai wa dattawa kawai, su yi addu'a, su bincika, in akwai dalili su sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Da Agabas ya faɗi yunwar da ta zo a zamanin Kalaudiyas, ikkilisiyar Antakiya ba gudu ta yi ba, gudummawa ta tara ta aika wa dattawan Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

In wani ya tashi cikin wa'azi bayan duk wannan, ka dakata, ka kira shi da girmamawa: "Mama, riƙe shi, dattijo zai saurare ki yanzu." Mata biyu su raka ta gefe. Ba ja, ba tsawa, ba kiranta mai aljani. Karo na farko tuni ne, na biyu ziyara, na uku a dakatar da ita daga magana a taro na wata uku. Dakatarwar daga magana ce kawai, ba daga Jibin Ubangiji ba, don rashin bin tsari daban yake da zunubin da ke kai mutum ga horo. Sakatare kuma ya ajiye littafi: rana, mai magana, abin da aka ce, hukuncin masu auna. Dattawa su buɗe shi duk wata uku.

Tambaya: An sa ni cikin masu auna. Akwai ɗan'uwa da yakan faɗi sunan ƙauyen baƙo ko ciwon da ke damunsa daidai. Amma ya gaya wa wani zai sami aiki kafin Kirsimeti, ba a samu ba, ya ce rashin bangaskiyar mutumin ne. Da wane mudu za mu auna? (Dattijon ikkilisiya daga Zariya)

Amsa: Baba, mudu na farko Littafi Mai Tsarki ne, kuma shi kaɗai ya isa ya kayar da magana. Abin da ya saɓa masa an gama da shi, kome daɗinsa. Na biyu, ina maganar ta kai mutum: ga Almasihu, ko ga mai annabcin? In mutane sun fara kasa yin tafiya ko sayen gona sai sun tambaye shi, ya zama musu boka ko da sunan Yesu yake kira. Na uku, 1 Korantiyawa 14:3: tana ginawa, tana ƙarfafawa, tana ta'azantarwa? Gargaɗi ma yana iya ginawa, in ya zo da ƙofar tuba. Wanda ya bar mutum da tsoro kawai, ba abin da zai yi sai ya koma wurin annabi, wannan ba gini ba ne. Na huɗu halin mutumin: yadda yake da matarsa, da bashi, da gyara. Yesu ya ce ta 'ya'yansu za a san su.

Faɗar abu daidai ba ta isa shaida ba. Kubawar Shari'a 13 ta yi maganar annabin da alamarsa ta cika amma yana jan mutane ga waɗansu alloli. Kuyangar nan mai duba ta birnin Filibi, abin da take faɗa a kan Bulus da Sila gaskiya ne, duk da haka Bulus ya fitar da ruhun. Ku kuma yi tambayar da ake jin kunyar yi: ta wace hanya kuma zai iya sanin wannan? Karin harshe yana nuna ƙauye, tafiya tana nuna ciwo, Facebook yana nuna sauran, ga masu karɓar baƙi a bakin ƙofa da kan ji labari. Ba zargi ba ne, aikinku ke nan.

Maganar aikin kuwa, shi ya sa rana, ranar ta wuce. Kubawar Shari'a 18:22 ta ce abin da bai cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Gaskiya ne akwai annabci mai sharaɗi, Irmiya 18:7-10 ya bayyana shi, Nineba kuma ta tsira da tuba. Amma sharaɗi tun farko ake saninsa, ba bayan an faɗi ake ɗinka shi ba. Ɗora laifi a kan wanda ya yi ta jira har Kirsimeti zalunci ne sau biyu.

Ku kira shi, ku buɗe littafin sakatare, ku karanta masa abin da ya ce. Abin da ake nema jimla ɗaya ce: "Na yi kuskure, ba Ubangiji ne ya faɗa ba." Ya faɗe ta a inda ya yi annabcin, in a taro ne a taro, ya kuma je ya nemi gafarar mutumin. Natan ya ce wa Dawuda ya gina haikali, da dare Allah ya gyara shi, ya koma ya janye maganarsa, bai kuwa daina zama annabi ba. In ɗan'uwan nan ya amsa, ya huta na ɗan lokaci ya ci gaba a ƙarƙashin kulawa. In ya ƙi, kun sami amsar mudu na huɗu.

Tambaya: Cikina ya zube sau biyu. A wani taron addu'ar dare aka ce mini uwar mijina ce ke cinye 'ya'yan. Tun daga nan ba na cin abincinta, mijina kuma yana so ya kore ta. (Wata matar aure daga Jos)

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Amma muna roƙonki da mijinki, kada ku kori Mama, kada kuma maganar nan ta kai kunnen 'yan unguwa. Magana zarar bunu ce. Tsofaffi da gwauraye mata da marayu da yawa an doke su, an kore su, waɗansu an kashe su, a kan kalma irin wannan daga bakin wanda ya gama taronsa ya hau mota ya tafi.

Ba inda Sabon Alkawari ya nuna annabi a cikin ikkilisiya yana nuna wa mutum maye a danginsa. Ƙa'idar zargi a bayyane take: ba a kama mutum da laifi sai da shaidu biyu ko uku, in ji Kubawar Shari'a 19:15, kuma wahayin mutum ɗaya ba shaida ba ne, don ba mai iya bincika shi. Umarnin girmama uwa da uba kuwa rubutacce ne. Ba a ajiye rubutacce saboda abin da wani ya ce ya gani. Dokar ƙasa ma, ta arewa da ta kudu, ta mai da zargin mutum da maita laifi.

Ku je wurin fastonku ku biyu cikin makon nan, ku gaya masa wanda ya faɗa da inda aka faɗa. In ɗan ikkilisiyarku ne, wannan ya wuce tuni, maganar horo ce. Ke kuma ki je asibiti wurin likitan mata. Ɓari yana da dalilai da ake ganowa: zazzabin cizon sauro, ciwon suga, hawan jini, matsalar bakin mahaifa, da waɗansu cututtuka, kuma da dama suna da magani in an fara awo da wuri. Tsoron da aka sa miki yana iya hana ki neman abin da zai riƙe ciki na gaba. Sulhu da Mama kuma kada a bar shi ya daɗe, ta riga ta lura kin daina cin tuwonta.

Tambaya: Wani ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙa ya ce Allah ya nuna masa ni ce matarsa, in na ƙi zan yi nadama. Ni ba na sonsa. (Wata ɗaliba daga Yola)

Amsa: Ba ki yi wa Allah tawaye ba. 1 Korantiyawa 7:39, ko da a kan gwauruwa take magana, ta nuna ƙa'idar: mace tana auren wanda take so, muddin cikin Ubangiji ne. In Allah ya yi masa magana, ya san hanyar zuciyarki ke ma. "Za ki yi nadama" barazana ce. Ki ce masa a'a sau ɗaya a fili, ki ajiye saƙonnin da ya turo, ki gaya wa matar fasto ko shugabar zumuntar mata. Kada ki yarda ku keɓe don "ku yi addu'a a kai".

Tambaya: An yi wa ƙanena annabci cewa ya warke daga cuta mai karya garkuwar jiki, ya zubar da magani don nuna bangaskiya. Sati uku ke nan bai sha ba. (Wani ɗan'uwa daga Makurdi)

Amsa: Ɗan'uwa, ka kai shi asibitin da yake karɓar magani gobe, kada ka jira Lahadi. Ya gaya musu gaskiyar kwanakin da ya yi bai sha ba. Maganin nan danne ƙwayar cutar yake yi, har awo ya kasa ganinta a jini, amma ba ta fita ba. Wannan ne ke ruɗin mutane: sakamako ya ce ba a gani ba, sai a ce an warke. Da an daina sha takan dawo cikin 'yan makonni, kuma shan magani ana tsallakewa yana koya mata jure shi. Haka yake ga tarin fuka da ake sha wata shida, da farfaɗiya, da hawan jini, da allurar masu ciwon suga.

Mun gaskata Allah yana warkarwa. Amma Yesu da kansa ya aiki kutare su je firist ya duba su, Ishaya kuma da ya kawo wa Hezekiya alkawarin shekara 15 ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a marurun. Ƙa'idar da kowace ikkilisiya ya kamata ta rubuta ita ce: likitan da ya sa magani shi ke cire shi. Mai annabcin da ya ce a zubar da magani a dakatar da shi tun karo na farko, don rai ne a ciki.

Tambaya: Matasa suna so mu gayyato wani annabi don taron farkaswa na kwana uku. Mun ji yakan ga mutane ɗaya ɗaya, kowa da ambulan. (Sakataren ikkilisiya daga Maraɗi)

Amsa: Malam, matsalar tsohuwa ce. Wani ɗan littafin koyarwa na ikkilisiyar farko da ake kira Didake, tun wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, ya riga ya ce baƙon manzo ya kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku na ƙarya ne, wanda kuma ya ce cikin Ruhu a ba shi kuɗi kada a saurare shi. Ba lissafin kwanakin muke cewa ku ɗauka ba, hankalin da ke ciki muke nufi. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, Gehazi da ya bi ta a ɓoye kuturta ya samu. Mika 3:11 ya la'anci annabawan da ke duba don kuɗi.

Kafin ku aika takarda, ku san ikkilisiyar da yake mamba, da wanda yake kula da shi, ku kira wannan mutum da kanku. Ku tambayi fastoci biyu da ya taɓa yi wa taro, musamman yadda ikkilisiyar ta kasance wata uku bayan tafiyarsa. Wanda ya ce Allah kaɗai ke bisansa, a nan zance ya ƙare. In kun gamsu, ku rubuta masa sharuɗɗa: tsarin masu auna ya hau kansa kamar kowa, baiko ya bi ta hannun ma'aji, abin da za a ba shi a yanke tun kafin ya zo, ba sayar da mai ko ruwa ko ƙyalle, ba ganin kowa a masaukinsa, duk wanda zai yi wa addu'a a keɓe dattijo yana wurin, in mace ce da wata mace. Kada ya karɓi lambobin wayar mambobi. Yadda ya amsa takardar zai gaya muku yawancin abin da kuke son sani.

Tambaya: To, in faston ne da kansa mai annabcin fa? Namu yakan ce Ubangiji ya gaya masa a yi gini ko a sauke wani daga aiki, dattawa sai su yi shiru. (Wata mai bi daga Bauchi)

Amsa: Mama, "sauran su auna" bai cire fasto ba. A Antakiya, da Ruhu ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, annabawa da masu koyarwa biyar ne a wurin, kuma sai da suka ƙara azumi da addu'a kafin su sallame su. 1 Bitrus 5:3 ya hana makiyaya nuna iko a kan garke. Fasto yana da 'yancin kawo abin da ya ji gaban majalisar dattawa, amma ya shiga a matsayin shawara, a tattauna, a rubuta a littafin taro, in tsarinku na ƙuri'a ne a kaɗa. Abu uku kuwa ba a yanke su da wahayin mutum ɗaya ko wane ne shi: kuɗin ikkilisiya, horon mamba, da abin da faston ko iyalinsa za su amfana da shi. A na ukun ya fita daga ɗakin har a gama.

Ke abin da za ki yi, ki sami dattijo ɗaya ko biyu da kika amince da su, ki kawo magana takamaimai: rana kaza an ce kaza, aka yi kaza. Kada ki kai ta zumuntar mata ko dandalin WhatsApp. Su dattawan su fara ganinsa a keɓe, kamar yadda Matiyu 18:15-16 ya tsara. In an yi haka sau biyu bai saurara ba, su rubuta wa shugabannin gunduma, su sa hannu da sunayensu, su kuma ba shi kwafin takardar kafin a aika.